Hanyoyin Raba wa Kwamfuta Aiki Domin Gudanar da Shi Lokaci Guda

Tun daga shekarar 2005, lokacin da kamfanonin Intel da AMD suka fito da masarrafai masu cibiyar lissafi biyu don kwamfutocin gida da ofis, ya zama ruwan dare a sami cibiyoyi da dama cikin kwamfuta guda. Sai dai manhajar da aka rubuta ba tare da wani tanadi ba, cibiya ɗaya take mora, sauran na zaune. Ana iya kwatanta wannan da malamai 4 da aka ajiye wa takardun jarrabawa 400, ɗaya yana dubawa, 3 na kallo. Maganin shi ne a tayar da manhajar sau da yawa a lokaci guda, kowace da nata kason aikin da tata ma'adanar bayanai. A wannan darasi za mu kira kowace ɗaya daga cikinsu "ma'aikaci".

Hanya mafi sauƙi a tsarin Unix da Linux ita ce sanya alamar & a ƙarshen umarni, wato kwamfuta ta fara wannan aiki ta wuce zuwa na gaba ba tare da jira ba. Tana wadatarwa idan ayyukan ba su wuce 3 ko 4 ba. Amma mai fayil 1,000 zai tayar da ma'aikata 1,000 ke nan, su yi ta rububin ma'adana har na'urar ta kasa motsi.

Umarnin xargs ya magance wannan matsala. Idan aka haɗa shi da -P 4, ma'aikata 4 kawai za su yi aiki, wanda ya gama sai a ba shi fayil na gaba. Illarsa ita ce abin da ma'aikatan ke fitarwa yakan cakuɗe a allo. Manhajar GNU Parallel, wadda Ole Tange ya rubuta kuma ta shiga rukunin GNU a 2010, tana riƙe sakamakon kowane aiki har ya kammala kafin ta fitar da shi.

Duk waɗannan sun dace ne da ayyukan da ba ruwan wani da wani, kamar rage girman hotuna. Idan kuwa ana bukatar tattara amsoshi a ci gaba da lissafi a kansu, gara a koma cikin harshen rubuta manhaja. Harshen Python ya sami sashen multiprocessing a 2008. Da shi ake kafa rukunin ma'aikata, a miƙa musu jerin bayanai, amsoshi su dawo bisa tsarin da aka aika su. A nan ne ya kamata ɗalibi ya yi hattara. Tun da kowane ma'aikaci ma'adanarsa daban, dole a kwafi bayanan a aika masa, a kuma kwafo amsarsa. Idan aikin ƙarami ne bayanan kuma masu yawa, kai-komon zai cinye ribar, har ma ma'aikaci ɗaya ya fi 4 sauri. Malamin da zai yi tattaki zuwa wani aji don a duba masa takarda guda, ai da ya zauna ya duba abarsa.

Akwai kuma iyakar da babu hanyar da ke tsallake ta, wadda Gene Amdahl ya bayyana a 1967. A ɗauka aiki yana cin minti 100, daga ciki minti 20 ba sa rabuwa, kamar haɗa maki a takardar sakamako guda. Ma'aikata 4 za su mayar da minti 80 zuwa 20, jimilla minti 40, wato saurin ya ninku sau biyu da rabi ne, ba sau 4 ba. Da ma'aikata 8 zai zama minti 30, kuma ko an kawo 1,000 ba zai sauka ƙasa da minti 20 ba.