Ƙwallon Kwando a Jami'o'in Amurka: Wa Ke Cin Gumin Ɗalibai?

A jami'ar Duke da ke Amurka, ɗalibai kan kafa tantuna su yi makonni suna kwana a waje cikin hunturu, don kawai su samu wurin kallon wasansu da abokiyar hamayya, jami'ar North Carolina. Idan Maris ya kama kuwa, ƙungiyoyin jami'o'i 68 ke fafatawa a gasar ƙasa baki ɗaya, har ma'aikatan ofis na cike takardar hasashen wanda zai ɗauki kofi.

Wannan shauƙi kuɗi ne tsababa. A 2010 hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'i ta sayar da haƙƙin nuna gasar a talabijin na shekara 14 kan dala biliyan 10.8. 'Yan wasan fa? A lokacin, karatu kyauta, ɗaki da abinci. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ed O'Bannon, tsohon tauraron jami'ar UCLA, ya ga siffarsa a wasan bidiyo ba a ba shi ko sisi ba, sai ya kai ƙara a 2009. Daga 2021 aka bar ɗalibai su yi talla da sunansu, a 2025 kuma kotu ta amince jami'o'i su biya su kai tsaye.

Masu adawa da biyan 'yan wasa na cewa manyan jami'o'i za su saye gwanayen duka, kuma tsoronsu na da tushe. Ni dai a ganina, wanda ya zubar da gumi ya cancanci ladansa.