Gishirin Bunte: Hanyar Sarrafa Farar Wuta Ba Tare da Wari Ba

Babbar matsalar sinadaran da ke ɗauke da farar wuta ita ce wari. Dangin da ake kira tayol, inda ƙwayar farar wuta ke riƙe da kabon ta gefe ɗaya, da haidurojin ta ɗaya gefen, warinsu ya kai har ana zuba ɗan kaɗan a gas ɗin girki domin hanci ya gane idan tukunya tana yoyo. Ga shi kuma iska tana saurin lalata su, alhali masu haɗa magunguna da rini suna bukatarsu.

A shekarar 1874 wani Bajamushe, Hans Bunte, ya haɗa etil buromaid da sodiyam tayosalfet, wato gishirin da masu wankin hoto ke amfani da shi. Abin da ya samu shi ne gishirin da yanzu ake kira da sunansa, ana rubuta shi RSSO3Na, inda R ke wakiltar sashen kabon. Farar wuta biyu ce a cikinsa, amma aikinsu ya bambanta. Ta farko ita ake nema. Ta biyun, tare da oksijin ukun da ke kewaye da ita, murfi ce kawai. Murfin nan ne ke sa sinadarin ya zama ƙanƙara mara wari, mai narkewa a ruwa, mai jure ajiya.

Amfaninsa yana ga yadda ake cire murfin. In an dafa shi da asid, tayol zai fito. In an sa masa aidin, sassa biyu za su haɗu ta gadar farar wuta biyu. A 2014 Reeves da abokan aikinsa sun nuna cewa sinadaran Girinyar suna ture murfin kai tsaye, a sami salfaid ba tare da an taɓa tayol ba. A ganina wannan ce hanyar da ta fi dacewa da ɗakin gwajin da ba shi da na'urar zuƙe hayaƙi mai kyau.

A masana'antar rini kuwa, murfin yana narkar da launin a ruwa har ya ratsa zaren auduga, sannan a cire shi, launin ya kama ya ƙi fita. Marinan Ƙofar Mata za su gane dabarar, domin baba ma a narke yake shiga tufa, sai ya sha iska yake kamawa, ko da yake sinadaran ba iri ɗaya ba ne.