Toshe Shafukan Batsa Kaɗai Ba Zai Tsare 'Ya'yanmu Ba

A watan Maris na 2025 Majalisar Wakilai ta umarci hukumar sadarwa ta NCC da ta sa kamfanonin sadarwa su toshe shafukan batsa. Ɗan majalisa daga jiharmu ta Katsina, Dalhatu Tafoki, shi ya gabatar da ƙudurin. Tun daga nan ake jin iyaye da malamai a Daura suna cewa da zarar MTN da Airtel sun toshe, shi ke nan yara sun tsira. Kishin tarbiyya ne ya sa su faɗin haka, kuma ni ma ina goyon bayan a toshe. Amma, da girmamawa, yaran ba su tsira ba tukuna.

Kamfanin waya sunan shafin da aka shiga yake gani. Abin da ake turawa a WhatsApp a kulle yake, ba ya iya leƙawa ciki. TikTok da Facebook kuwa sai dai ya rufe su ɗungurungum ko ya ƙyale su, ba zai iya tsince bidiyo ɗaya ya bar sauran ba. Kuma da yawan abin da ke lalata yaro ba ya ma bin intanet. A shagon caji da wajen masu tura finafinai ake loda wa katin memori, sannan ya bi ta manhajar Xender daga waya zuwa waya, ba a ƙona ko kwabo na data ba.

Mun kuma ga yadda toshewa take ƙarewa. Lokacin da gwamnatin marigayi Muhammadu Buhari ta dakatar da Twitter, daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, matasa da manhajar VPN suka riƙa zagayewa. A Ingila ma, da aka fara tilasta tantance shekaru kafin shiga shafukan batsa a Yulin 2025, VPN jama'a suka yi wa ca. Balle mu da ke bakin iyaka: a Kwangwalam da ƙauyukan Mai'adua layin Nijar na kamawa, kuma umarnin NCC bai hau kansa ba.

Abin da nake tsoro shi ne uba ya ji an toshe ya saki jiki, ya miƙa wa ɗan shekara 10 waya ya kwana da ita. Masarautar Daura na da abin da Abuja ba ta da shi: hakimai, dagatai da masu unguwanni da suka san kowane shagon turi a Zango, Baure da Sandamu. Su kira masu shagunan su ja musu kunne, makarantun Islamiyya kuma su koya wa iyaye saita manhajar sa ido ta Family Link a wayoyin yara kafin a ba su.