Idan Mota Ta Ɗau Zafi a Kan Hawa

Direbobin da ke bin Hawan Kibo zuwa Jos, ko masu haurawa Mambila daga Mayo Selbe, sun saba ganin motoci a gefen hanya, bonet a buɗe, tururi na tashi. Yawanci akan ɗora wa dutsen laifi, alhali matsalar tana jikin motar tun daga gida, hawan ne ya tona asirinta. A kan hawa inji yana aiki da ƙarfinsa duka, ga lodi, ga tafiyar hawainiya, iskar da ke ratsa lagireto kuma ta ragu.

Lokacin da allurar zafi ke tashi shi ne zai nuna inda cutar take. Idan tana hawa sa'ad da mota ke jan ciki, ta sauka da zarar an samu gudu, a duba fanka ko bel ɗinta. Idan ko a gudu ma ba ta sauka, to ruwa ne ya yi ƙasa, ko lagireto ya toshe, ko famfon ruwa ya gaji. Ruwan rijiya da muke ɗurawa yana barin tsatsa da dauɗa a ciki.

Akwai abin da ake rainawa, wato murfin lagireto. A bakin teku ruwa yana tafasa a digiri 100, amma a tudu mai tsayin mita 1,600 kamar Mambila, wajen digiri 95 ya ishe shi. Murfin nan ne ke matse ruwan ya hana shi tafasa sai ya kai wajen digiri 120. In robarsa ta lalace, motar da ke lafiya lau a Jalingo za ta yi amai kafin Gembu.

Mafi muni shi ne ƙonewar gasket: ruwa na ɓacewa ba a ga inda yake zuba ba, farin hayaƙi a salansa, baƙin mai ya koma kalar shayi da madara. Wannan kam sai bakanike.

Da ka ga allura ta doshi ja, kashe na'urar sanyi, ka sauko ƙaramar giya, ka nemi wurin tsayawa. In tururi ya fito, kashe injin nan take. Kada ka buɗe murfi da zafinsa, domin ruwan zai fallatso maka a fuska, kuma kada ka kwara wa inji ruwan sanyi, kansa na iya tsagewa. Jira aƙalla rabin awa kafin ka ƙara ruwa.