Biyu-biyu cikin farar riga: masu wa'azin Mormon da Najeriya

Falken da ya ɗauko bandar kifi daga kasuwar Haɗejia ya sauke a Aba ko Fatakwal, da wuya ya komo bai yi kiciɓis da su ba: samari biyu cikin farar riga da nektai, kowanne da ɗan baƙin allo a ƙirji mai ɗauke da sunansa. 'Yan mishan ne na cocin da aka fi sani da Mormon, wanda Joseph Smith ya kafa a jihar New York ta Amurka a 1830, hedikwatarsa kuma tana birnin Salt Lake a jihar Utah.

Saurayi yakan tafi daga shekara 18, ya yi shekara biyu. Budurwa ta yi wata 18. Ba shi ke zaɓen inda za a tura shi ba, wasiƙa ce za ta zo daga hedikwata ta ce ga ƙasarka. Albashi babu, shi da iyayensa ke haɗa guzuri, jama'ar coci su cika. Ba ya rabuwa da abokin aikinsa dare da rana, ba zance, ba kallon wasa. Kafin 2019 sau biyu kacal a shekara yake jin muryar mahaifiyarsa ta waya, yanzu an mayar da shi mako-mako. 'Yan Afirka ta Yamma galibi a Accra ake horar da su.

Wanda ya ba su wurin zama sai su fara masa darasi, su miƙa masa Littafin Mormon, su ce ya karanta ya yi addu'a, ya zo coci ranar Lahadi. In ya amince, sai ya bar giya da taba da kofi da shayi (sharaɗin da mai teburin shayi a tashar Haɗejia ba zai yi maraba da shi ba), ya ɗauki alkawarin ba da ɗaya bisa goma na abin da yake samu, sannan a nutsar da shi a ruwa.

A Haɗejia kuwa ba a saba ganin irin waɗannan samari ba, kuma tushen hakan ya girme su. Bayan yaƙin da aka yi da Turawa a Afrilun 1906, inda Sarki Muhammadu ya yi shahada, masarautar ta shiga tsarin mulkin Gwamna Lugard, wanda ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addininsu ba. Shekaru aka yi ana tsare 'yan mishan a bakin ƙofa. Da aka sassauta a shekarun 1930, ƙungiyar mishan ta SIM ta shigo ne ta hanyar magani, da jinyar kutare a Yadakunya kusa da Kano, da tasha a Garun Gabas. Mormon kuma ƙwanƙwasa ƙofa da hirar zaure suka iya, shi ya sa ƙarfinsu ya tattara a inda Kiristoci suka riga suka yi yawa.

Abin mamaki a tarihinsu a nan shi ne, 'yan Najeriya ne suka yi ta kira, cocin yana noƙewa. Tun shekarun 1950 mutanen kudu maso gabas ke aika wasiƙu Utah suna neman littattafai, wasu har suka buɗe majami'u da sunan cocin ba tare da izini ba. An turo LaMar Williams a 1961 ya duba. Amma a lokacin cocin ba ya naɗa baƙar fata a muƙamin limanci, gwamnatin Najeriya kuma da ta ji haka sai ta hana biza. Ta yi daidai: wa zai buɗe ƙofa ga mai wa'azin da ya ce ɗan gida ba zai ja gaba ba? Yaƙin basasa ya zo ya rufe maganar.

Wani malamin makaranta a ƙasar Ibo, Anthony Obinna, ya ci gaba da rubuta wa cocin wasiƙu tun 1971. A watan Yunin 1978 shugaban cocin, Spencer Kimball, ya soke wancan hani. A Nuwamba ma'aurata biyu, iyalan Mabey da na Cannon, suka sauka, kuma ranar 21 ga watan suka yi wa Obinna baftisma a wani rafi kusa da ƙauyensa.

Hanyar ba ta miƙe ko'ina ba. Gwamnatin Rawlings ta Ghana ta dakatar da cocin a Yunin 1989 ta kori 'yan mishan ɗinsa na waje, sai ƙarshen 1990 ta janye. A Najeriya kuwa an buɗe babban haikalinsu na Aba a Agustan 2005, kuma yawancin samarin da ke wa'azin a titunan Legas da Abuja yau 'yan Afirka ne, yayin da ake tura 'ya'yan Aba da Kalaba zuwa Ghana da Saliyo da Laberiya.