Lasisin tuƙi na ƙasar waje: Abin da ya kamata mai ƙaura da mai dawowa gida su sani

Mutum zai iya shekara 20 yana tuƙi ba tare da ko ƙwarzane ba, amma ranar da ya kwashe kayansa ya koma wata ƙasa da zama, lasisin da ke aljihunsa ya fara ƙidayar kwanakinsa. Da yawa ba sa farga sai ranar da jami'i ya tsayar da su a hanya, ko ranar da aka yi haɗari kamfanin inshora ya ƙi biya.

Batun ya shafi mutanen Jigawa ta fuskoki uku. Akwai likitoci da ma'aikatan jinya da malaman Jami'ar Tarayya ta Dutse da ke tafiya Birtaniya ko Jamus ko Saudiyya domin aiki ko ƙarin karatu. Akwai ɗalibai da 'yan kasuwa da ke dawowa gida da lasisin da suka yi a waje. Akwai kuma direbobin Jamhuriyar Nijar da ke shigowa ta Maigatari, wasunsu su ci kasuwa su koma, wasu kuma su samu ubangida a Gumel ko Dutse su zauna.

Baƙo daban, mazauni daban

Ƙa'idojin da ƙasashe ke bi wajen amincewa da lasisin juna sun samo asali ne daga yarjejeniyoyi biyu na Majalisar Ɗinkin Duniya: ta Geneva ta shekarar 1949 da ta Vienna ta 1968. Najeriya ta shiga ta Vienna a shekarar 2018, Nijar kuwa ta riga ta shiga da shekaru masu yawa.

Abin da ya fi muhimmanci a yarjejeniyar Vienna shi ne iyakar da ta gindaya. Ƙasa za ta amince da lasisin da wata ƙasar ta bayar muddin mai shi baƙo ne. Da zarar ƙasar ta zama wurin zamansa na dindindin, wannan wajibcin ya sauka daga kanta, sai ya koma ƙarƙashin dokarta ta cikin gida.

Daga nan kowace ƙasa ke tsara nata. Wasu sukan ba sabon mazauni wa'adin wata shida, wasu shekara ɗaya. Bayan wa'adin hanyoyi biyu ne suka rage: ko dai a musanya masa lasisinsa da na ƙasar ba tare da jarrabawa ba, idan ƙasar da ta ba shi na cikin jerin waɗanda aka amince da su, ko kuma ya zauna jarrabawa kamar sabon ɗan koyo.

Lasisin ƙasa da ƙasa ba ya tsawaita wa'adi

Mutane da yawa sukan ɗauka cewa idan suka mallaki lasisin ƙasa da ƙasa, shi ke nan sun huta. Wannan ɗan littafi fassara ce kawai ta lasisin gida zuwa harsuna da dama, domin jami'in da ba ya jin Turanci ya gane irin motar da aka yarje wa mutum ya tuƙa. Ba ya aiki shi kaɗai, dole a haɗa shi da lasisin asali wanda wa'adinsa bai ƙare ba, kuma ba a amfani da shi a ƙasar da ta bayar da shi.

Wanda aka yi bisa tsarin 1949 shekara ɗaya yake yi, na tsarin 1968 kuma ba ya wuce shekara uku, ko ranar da lasisin asali ya ƙare idan ita ta riga zuwa. Ko da bai ƙare ba, ba ya ƙara wa mazauni ko kwana ɗaya a kan wa'adin da ƙasar da ya koma ta ɗibar masa.

Akwai kuma shafukan intanet da ke sayar da kati mai ƙyalli da sunan lasisin duniya. Hukumar da ƙasa ta ba izini ce kaɗai ke bayar da na gaskiya, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta bayar da lasisin tuƙi ga kowa.

Mai tafiya Birtaniya

A Ingila da Scotland da Wales, mai lasisin Najeriya zai iya tuƙa ƙaramar mota na tsawon wata 12 daga ranar da ya zama mazauni. Hukumar DVLA, wadda ke bayar da lasisi a can, tana da jerin ƙasashen da take musanya lasisinsu kai-tsaye, kamar Kanada da Japan da Australiya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. A Afirka, Afirka ta Kudu da Zimbabwe ne kaɗai a ciki. Babu Najeriya.

Saboda haka ɗan Najeriya sai ya nemi lasisin koyo, wanda ake biyan fam 34 ta intanet. Daga nan ya zauna jarrabawar kwamfuta ta fam 23, inda ake buƙatar ya ci 43 daga cikin tambayoyi 50, ya kuma samu maki 44 daga 75 a sashen hangen haɗari. Sannan gwajin tuƙi a kan titi, fam 62 a ranakun aiki. Ba a karɓar mutum a jarrabawar sai ya yi aƙalla kwana 185 a ƙasar cikin wata 12 da suka gabata, kuma layin masu jiran gwajin titi yakan kai watanni. Wanda ya bari sai wata na goma kafin ya fara shiri, da wuya ya kammala kafin wa'adi ya cika.

Idan wata 12 suka wuce bai ci ba, ya koma ɗan koyo: zai liƙa alamar L a motarsa, kuma ba zai tuƙa ba sai da wani a gefensa wanda ya haura shekara 21 kuma ya shekara uku da lasisi. Ga ma'aikaciyar jinya da ke aikin dare, ko mai kula da tsofaffi gida-gida, wannan na iya zama sanadin rasa aiki. Wanda ya yi gwajin da mota mai giyar otomatik kuma, lasisinsa ba zai ba shi damar tuƙa mai giyar hannu ba.

Wasu sukan yi tunanin zagayawa ta wata ƙasa, su musanya lasisin Najeriya a can sannan su kai wa DVLA. Hukumar tana duba ƙasar da mutum ya ci jarrabawar tun farko, kuma idan ba ta cikin jerin, ba ta musanyawa.

Jamus da Saudiyya

Wa'adin Jamus ya fi gajarta, wata shida ne daga ranar da mutum ya kafa zama. Najeriya ba ta cikin jerin ƙasashen da aka sauƙaƙa wa, don haka sai an ci jarrabawar ka'ida da ta titi, duk da cewa ba a tilasta wa mai lasisin waje cika dukkan darussan da ake tilasta wa sabon ɗan koyo. Ana iya zana jarrabawar ka'idar da Turanci. Tuƙi bayan wa'adin babban laifi ne a dokar ƙasar, wanda hukuncinsa kan kai tara ko ɗaurin da bai wuce shekara ɗaya ba.

A Saudiyya, dokar hanya ta yarje wa mai ziyara ya tuƙa da lasisin waje ko na ƙasa da ƙasa har shekara ɗaya daga ranar shigarsa, ko ranar da lasisin ya ƙare idan ita ta fi kusa. Wanda ya samu igama kuwa ya zama mazauni, ana buƙatar ya mallaki lasisin Saudiyya, kuma ta manhajar Absher ake neman ranar ganawa da makarantar tuƙi.

Haruffan ba ma'anarsu ɗaya ba

Wani abin da ke rikita mutane shi ne rukunin lasisi. A tsarin Vienna, wanda Turai ke bi kuma Nijar ke kamanta shi, harafin B na ƙaramar mota ce da ba ta wuce kilo 3,500 ba, mai kujerun fasinja takwas zuwa ƙasa; C na manyan motocin kaya ne; D kuma na bas-bas.

A Najeriya, A na babur ne, B na motar da ba ta kai tan uku ba wadda ba ta haya ba, F na tarakta da injinan noma, G na tirela, H na motocin aikin hanya irin su katafila, J kuma na masu buƙata ta musamman. Ke nan direban da ke da C a lasisin Nijar kada ya ɗauka C zai nema a Dutse. Irin motar da zai tuƙa ita ce za ta nuna rukunin da ya dace da shi.

Mai dawowa Dutse

Wanda ya dawo gida da zama, lasisin Najeriya ne zai riƙa nunawa a hanya, kuma hukumomi uku ne ke da hannu a fitar da shi: Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, wadda aka kafa a 1988, ita ke ɗaukar hoto da zanen yatsu ta kuma buga katin; jami'an duba ababen hawa na jiha, waɗanda aka fi sani da VIO, su ke gwajin tuƙi; sai hukumar tattara kuɗin shiga ta jiha, wadda ke kula da biyan kuɗi da miƙa katin.

Wanda ya taɓa mallakar lasisin Najeriya na tsarin ɗaukar zanen yatsu kafin ya tafi, sabuntawa zai yi da tsohuwar lambarsa, domin bayanansa na nan a rumbun hukumar. Neman sabo fil da wasu bayanai daban yakan jawo cikas a wurin ɗaukar yatsu.

Wanda bai taɓa mallaka ba, hanyar da aka shimfiɗa wa kowa ita ce: ya cika shekara 18, ya samu takardar shaida daga makarantar tuƙin da FRSC ta amince da ita, inda ake buƙatar darasi 26, ya cike fom a shafin hukumar na intanet da lambarsa ta NIN, ya biya kuɗi, ya yi gwajin VIO da na ido, sannan a ɗauki hotonsa. An saba bayar da lasisin wucin gadi na kwana 60 kafin katin dindindin ya iso. Yana da kyau ya tafi da lasisin da ya yi a waje a matsayin shaidar ƙwarewa, tare da fassararsa idan da Larabci ko Faransanci aka rubuta shi. Sunan da ke jikinsa ya dace da na NIN, domin bambancin harafi ɗaya, kamar Muhammad da Mohamed, yakan tsayar da takarda.

Daga ranar 8 ga Yunin 2025, kuɗin lasisin mota Naira 15,000 ne na shekara uku, Naira 21,000 na shekara biyar. Na babur da A Daidaita Sahu Naira 7,000 ne da Naira 11,000. Kuɗin makarantar tuƙi daban yake. Duk wanda ya yi alƙawarin kawo lasisi har gida ba tare da an ɗauki hoton mai shi da yatsunsa ba, jabu zai kawo.

Sabon hannu ma abin lura ne. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun ranar 2 ga Afrilun 1972, alhali Birtaniya da Indiya da Cyprus a hagu suke tuƙi. Ɗaliban Jigawa da gwamnatin jiha ta mayar Cyprus da Indiya bayan ɓarkewar yaƙin Sudan a 2023, duk wanda ya koyi mota a can cikinsu zai buƙaci 'yan kwanaki a titunan cikin gari kafin ya hau babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a mahaɗar Shuwarin, inda tireloli da tankoki ba sa yankewa.

A kan iyakar Maigatari

Direban da ya taso daga Damagaram ko Magariya ya kawo dabbobi kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya koma, baƙo ne, kuma lasisinsa na Nijar tare da na ƙasa da ƙasa su ne takardunsa. Haka ɗan Jigawa da ya tsallaka da mota. Ficewar Nijar daga ƙungiyar ECOWAS a ranar 29 ga Janairun 2025 ba ta soke wannan ba, domin yarjejeniyar hanya ta Majalisar Ɗinkin Duniya ce.

Lamarin yana sauyawa ne idan direban ya kama haya a Dutse ko Kiyawa ko Jahun, ya fara jan motar wani ɗan kasuwa. Ya zama mazauni ke nan, kuma nauyin bai tsaya a kansa shi kaɗai ba, ya hau kan mai motar.

Tarar ce mafi sauƙi

A jadawalin laifuffuka na FRSC, tuƙi ba tare da ingantaccen lasisi ba tararsa Naira 10,000 ce. A Birtaniya tana iya kaiwa fam 1,000, tare da maki uku zuwa shida na laifi. Babbar asarar tana wajen inshora. Tun Janairun 2023, inshorar da ke biyan wanda aka yi wa ɓarna Naira 15,000 ce ga motar gida, kuma tana biyan diyyar dukiya har Naira miliyan uku. Amma takardun inshora sukan gindaya sharaɗin cewa mai tuƙi yana da lasisin da doka ta yarda da shi. Idan babu, kamfani na iya noƙewa, sai ɗan kasuwa ya biya daga aljihunsa motar da direbansa ya buge a hanyar Gujungu.

Saboda haka mai shirin tafiya ya sabunta lasisinsa na shekara biyar kafin ya tashi, ya rubuta ranar da ya zama mazauni a sabuwar ƙasar domin daga ita ake lissafi, ya kuma fara neman ranar jarrabawa tun watannin farko. Mai dawowa ya nufi cibiyar lasisi da ƙafarsa kafin ya fara zirga-zirga. Mai ɗaukar direba kuma ya karɓi lasisin ya duba ƙasar da ta bayar da shi, da rukuninsa, da ranar ƙarewarsa, kafin ya miƙa makulli.