SUNAN "ARZIKA": MA'ANARSA, ASALINSA, DA YADDA YAKE ƁACEWA

 Yau darasinmu a kan suna ɗaya ne tak: Arzika.

Bari mu fara da tambaya. Yaushe rabonku da ku je barka a ce muku ana kiran jaririn Arzika? Ku zagaya ƙasar Tambuwal, daga Dogon Daji zuwa Sanyinna da Jabo, ku gangara Kebbe da Kuchi. Za ku tarar da Arzika dattijo a majalisa, za ku tarar da Arzika a bayan sunan ɗalibi a rajistar makaranta. Amma Arzika a goye a bayan uwarsa, wannan sai an tona. Sunan bai mutu ba, sai dai ya tsufa. To, mene ne ma'anarsa, daga ina ya fito, kuma me ya sa ake gudunsa?

1. TUSHEN KALMAR

Arzika daga kalmar "arziki" ya fito. Ita kuwa arziki ararriyar kalma ce daga Larabci: "rizƙ", wato abin da Allah ya hore wa bawa na ci da sha da sauran buƙatu.

Sai ku ce, to ina aka samo "a" ɗin farko? Ga amsar. Bahaushe ya ari kalmomin Larabci da yawa tare da "al" ɗin da Balarabe yake sa wa a gaban suna, ya ɗauke su a matsayin kalma guda. Misali:

al + ƙalam = alƙalami
al + ƙadi = alƙali
al + basal = albasa

Waɗanda suka yi Islamiyya sun san lamu shamsiyya, inda "l" take narkewa ta koma irin baƙin da ya biyo ta. Wannan shi muke kira naso. Shi ya ba mu:

an-nabi = annabi
at-tajir = attajiri
ad-din = addini
az-zalim = azzalumi
ar-rizƙ = arziki

Kun ga ke nan "ar" ɗin da ke farkon arziki ba wani abu ba ne illa "al" da ta nashe. Daga nan Hausa ta yi wa kalmar kwaskwarima: ta rage "r" ɗaya, ta gyara zaman wasulan, ta ƙara "i" a ƙarshe, domin kalmar Hausa ba ta cika son ƙarewa da baƙi ba. Wasu suna rubuta arziƙi da ƙ mai lanƙwasa, wasu arziki. Duka biyun ana faɗa.

2. ARZIKA KO AZZIKA?

A bakin mutanen Sakkwato za ku ji "azziki", kuma za ku ji ana kiran mai sunan "Azzika". Ba kuskure ba ne, naso ne ya sake aiki: "r" ta koma "z" saboda maƙwabtaka. Ai Sakkwatanci ya saba da haka. Inda Daidaitacciyar Hausa ta ce "rigar Bello", Basakkwace zai ce "rigab Bello". Inda aka ce "hular Musa", shi "hulam Musa" zai ce. Saboda haka a rubutu na yau da kullum Arzika ake rubutawa, amma kada ku gyara wa kakarku baki idan ta ce Azzika.

Ga wani ƙarin. Aikatau na wannan kalma shi ne "arzuta", amma mafi yawanmu "azurta" muke cewa: Allah ya azurta su da ɗa namiji. Nan kuma musayar gurbi aka yi, "r" da "z" suka canja wuri, kamar yadda ake samun bagaruwa da gabaruwa, ko hawainiya da wahainiya.

3. MA'ANAR SUNAN

Nan ne mutane da yawa suke zamewa. Da an ji Arzika sai a ɗauka mai kuɗi ake nufi. A'a, Bahaushe yana da Maikuɗi idan wannan yake so. Arziki a Hausa ya fi dukiya faɗi. Ku duba waɗannan:

Ɗan arziki: yaro mai tarbiyya, ko da gidansu ba a ajiye ko sisi ba.
Zaman arziki: zama na mutunci da girmama juna.
Ya auna arziki: saura ƙiris ya halaka, Allah ya kiyaye.
An yi arziki: abu ya zo da sauƙi, ba a rasa rai ba.
Barka da arziki: gaisuwar da ake yi wa wanda ya tsira daga haɗari, da kuma gidan da aka haihu.

Ku riƙe ukun ƙarshen nan, domin su ne mabuɗin sunan. Bayanin da masu tattara sunayen gargajiya suka fi kawowa shi ne, Arzika yaro ne da mahaifiyarsa ta sha baƙar wuya wajen haihuwarsa. Doguwar naƙuda, mace ta kwana ta wuni a kan gwiwa, ungozoma ta yi iyakar ƙoƙarinta, gida ya yi tsit, har an fara fitar da rai. Sai Allah ya sauke ta, uwa da rai, ɗa da rai. Mata su shigo suna "barka da arziki, barka da arziki". To wannan gaisuwar ce ta manne wa yaron ta zama sunansa.

Hausawa na cewa haihuwa yaƙin mata. Idan haka ne, Arzika shaida ce cewa an shiga yaƙin an fito.

4. SUNAN YANKA NE KO LAƘABI?

Laƙabi ne. Ranar bakwai ana yanka rago a raɗa wa yaro Muhammadu ko Abubakar ko Usmanu. Amma a cikin gida, sau da yawa ba a kiran wannan suna. Uwa tana alkunyar ɗan fari, kuma ba za ta iya faɗin sunan ba idan ya zo daidai da na mijinta ko na surukinta. Sai kakanni su duba yadda yaron ya zo duniya su laƙaba masa wani. Arzika yana cikin wannan dangi:

Tanko: namijin da ya biyo mata.
Kande: macen da ta biyo maza.
Gambo: wanda ya biyo tagwaye.
Cindo: mai yatsa shida.
Nomau: wanda aka haifa lokacin noma.
Shibkau: wanda aka haifa lokacin shuka.
Auta: ɗan ƙarshe.

Kun lura? Kowane suna labari ne a taƙaice. A zamanin da babu takardar haihuwa, suna shi ne takardar. Da ka ji sunan mutum ka san lokacin da ya zo, da waɗanda ya biyo, da halin da aka shiga ranar.

5. NAMIJI NE KO MACE?

Ɗalibai su kula da wannan. Mun koya cewa yawancin sunayen da suka ƙare da "a" jinsin mace ne: riga, hula, gona. Sai wani ya ga Arzika ya rubuta "Arzika ta zo". Kuskure ne. A sunan mutum, jinsin mai sunan ake bi, ba wasalin ƙarshe ba. Bawa, Garba, Musa, Isa, Hamza, duk da "a" suka ƙare, kuma duk maza ne. Saboda haka:

Daidai: Arzika ya tafi kasuwa.
Daidai: Arzikan gidanmu ne ya zo.
Kuskure: Arzikar gidanmu ce ta zo.

Kuma a fara shi da babban baƙi ko'ina ya zo a jimla, tunda sunan mutum ne. Mai cike takarda kuma kada ya ce zai "gyara" shi ya mayar da shi Arziki.

6. INA AKA FI SAMUNSA?

Sunan yamma ne. An fi jin sa a ƙasashen Sakkwato da Kabi da Zamfara, da kuma ƙetaren iyaka a Jamhuriyar Nijar. A Kano ko Zariya kana iya daɗewa ba ka haɗu da mai shi ba.

Tambuwal kanta ta fitar da wanda ya kai sunan nan ko'ina a Nijeriya: marigayi Alhaji Muhammadu Arzika, Ministan Sadarwa daga 1999 zuwa 2001 a gwamnatin Obasanjo. A lokacinsa ne aka yi gwanjon lasisin wayar salula a Janairun 2001, kuma ya rasu a 2015. A Nijar kuma akwai Nuhu Arzika, ɗan fafutukar ƙungiyoyin farar hula, wanda ya yi fice a zanga-zangar tsadar rayuwa ta 2005.

Ku dubi tsarin sunayen biyu: sunan yanka a gaba, Arzika a baya. Haka sunan yake zaune yau a yawancin takardu. Ya bar bakin kaka ya koma layin "sunan mahaifi". Idan jika ya tashi aka rubuta shi da sunan ubansa kawai, shi ke nan, Arzika ya fita daga takarda.

7. ME YA SA YAKE ƁACEWA?

Na farko, takarda. Shaidar haihuwa da rajistar makaranta da katin ɗan ƙasa sunan yanka suke nema da sunan uba. Laƙabi ba shi da gurbi sai wanda ya nace.

Na biyu, an sami sababbin sunayen alkunya. Yau idan an sa wa yaro sunan kakansa, Abba ko Walid ko Khalifa ko Amir za a kira shi. Suna biyan buƙatar alkunya, amma ba su gaya maka komai game da ranar da aka haife shi.

Na uku, kunya. Wasu na ganin sunan ƙauye ne, wasu na cewa ai ba na Musulunci ba ne. Wannan na ƙarshen shi ne abin mamaki. Gidan da ya ƙi Arzika zai sa wa ɗansa Marzuƙ ko Abdurrazaƙ da murna, alhali duka ukun saiwarsu ɗaya ce a Larabci, baƙaƙen nan uku: r, z, ƙ. Marzuƙ na nufin wanda aka azurta. Abdurrazaƙ bawan Mai azurtawa. Arzika ɗan uwansu ne na jini, ya dai daɗe a ƙasar Hausa ne har ya sa rigar 'yan gari.

Ba muna cewa dole kowa ya koma kiran ɗansa Arzika ba. Suna zaɓin iyaye ne. Abin da muke cewa shi ne, kada a yar da shi bisa rashin sani, kuma kada yaro ya sunkuyar da kai a aji don an kira sunan ubansa. Wanda ake kira Arzika yana ɗauke da labarin wata mata da ta leƙa kabari ta dawo domin ta kawo shi duniya.

AIKIN GIDA

Idan akwai Arzika a danginku, ku je wurin tsofaffin gida tun suna raye ku tambaye su: me ya faru ranar da aka haife shi? Wa ya laƙaba masa sunan? Ku rubuta amsar ku ajiye. Sannan ku kawo mana kalmomi uku na aro masu naso irin na "arziki", ban da waɗanda muka ambata a sama.

Allah ya azurta mu da ilimi mai amfani. Sai darasi na gaba.